Idan kamfe ya fara rushewa: wa ke kwashe kuɗi, wa ake bari da sa hannunsa a takarda?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da na daɗe ina so mu zauna a kansa. Idan yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara ya kama hanyar rushewa, jama'a kanun labarai kawai suke gani: an tona asiri, wane ya yi murabus, wane ya sauya sheƙa. Amma a cikin gidan me ke faruwa, kuma wanne ke zuwa kafin wanne? Fahimtata ita ce ruɓewar daga asusu take farawa, badaƙala tana zuwa ne ta tarar da bango ya riga ya tsage. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda ya fi kowa biyayya shi ne galibi ake bari riƙe da takardun da za su kai shi kotu. Masu sanin lissafi da doka, bismillah.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara daga inda ya dace. Lambobi uku ne ke nuna lafiyar kamfe, kuma ɗaya kaɗai ake nuna wa ɗan takara: kuɗin da ke cikin asusu. Sauran biyun su ne bashin da aka ci ba a biya ba, da abin da ake kashewa kowane mako. A ce akwai miliyan 100 a banki, ana kashe miliyan 15 a mako. Wanda ya duba sama-sama zai ce akwai kuɗin mako shida da 'yan kwanaki. To idan mai buga fosta da mai hayar motoci da gidajen rediyo suna bin miliyan 40, abin da ya rage na gaskiya miliyan 60 ne, wato mako huɗu cif. In zaɓe saura mako goma, wannan kamfen ya mutu tun kafin wata jarida ta rubuta komai.

Yadda ake ɓoye wannan kuwa ba wuya. Ana roƙon 'yan kwangila su riƙe takardun neman biyansu sai bayan ranar da za a miƙa rahoton kuɗi, sai asusu ya fito fes. Ana kuma ƙirga alƙawarin attajirai tamkar kuɗi ne a hannu, alhali mai ba da gudummawa yana kallon ƙuri'ar jin ra'ayi ne. Da zarar ta yi ƙasa, wayarsa ta daina shiga.

Ku duba Scott Walker, gwamnan jihar Wisconsin a Amurka a lokacin. Ya shiga takarar shugaban ƙasa a watan Yulin 2015 yana cikin na gaba-gaba, ya ɗauki ma'aikata da yawa kamar wanda ya riga ya samu tikiti, ya janye ranar 21 ga Satumba. Kwana 70 ke nan, ba wani abin kunya, ya fita da bashin fiye da dala miliyan ɗaya. Albashi ne ya cinye shi.

Malam Auwal:
Hajiya ta faɗi inda rami yake, bari in faɗi masu haƙa shi. Babbar ƙofar kwaɗayi a kamfe ita ce kamashon talla. A al'adar harkar, wanda ya saya wa ɗan takara lokaci a rediyo da talabijin yana ɗaukar kaso daga abin da aka kashe, kuma kason da aka daɗe ana yi da shi 15 cikin 100 ne, ko da yake manyan kamfe suna ciniki su rage. To sau da yawa mutumin da ke ba da shawarar nawa za a kashe a talla, shi ne mai karɓar kamashon. Idan farin jinin ɗan takara ya fara raguwa, me kuke tsammanin zai ce? Cewa zai yi a ƙara talla. Ba zai taɓa cewa a ajiye kuɗin wakilan rumfunan zaɓe ba, domin a can ba shi da ko sisi.

Maganinsa a rubuce yake tun ranar ɗaukar aiki: a yanka masa lada tsayayye, ko a sa wa kamashon iyaka. A raba mai tsara dabara da mai sayen lokaci. Kada a biya kashi na biyu sai gidan rediyon da kansa ya kawo takardar da ke nuna rana da sa'ar da aka saka kowane talla, a gwada da abin da aka biya.

Ƙofa ta biyu gangami ce. Dandamali, lasifika, kujeru, motocin ɗaukar jama'a, duk abubuwa ne da ake kwashewa washegari, ba wanda zai dawo ya ƙirga. A nan ake ninka farashi. Kuma ku lura da wannan: idan abu ya fara lalacewa, manyan masu ba da shawara su ne suke fara cewa sai an biya su kafin aiki. Sun ga littafin, sun san abin da ke zuwa. Ƙananan ma'aikata da ba su ga komai ba su ake ce wa a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Barista Hadiza:
Maganar gangami ta tuna mini da shari'ar Bygmalion a Faransa (sunan kamfanin da ya shirya tarukan kamfen ke nan), wadda ta dace da batun Malam Nasiru sosai. A zaɓen shugaban ƙasa na 2012, dokar ƙasar ta ƙayyade wa ɗan takarar da ya kai zagaye na biyu yuro miliyan 22.5. Kamfen Nicolas Sarkozy, wanda yake bayan François Hollande a ƙuri'un jin ra'ayi, ya yi ta jera manyan taruka har kuɗin ya kusa ninka iyakar. Sai aka riƙa rubuta takardun bogi da sunan jam'iyyarsa ta UMP, a ce kuɗin wasu tarukan jam'iyya ne, alhali kuɗin gangamin kamfe ne. Ya faɗi zaɓen duk da haka. Wa ya fito talabijin a watan Mayun 2014 yana hawaye yana amsa cewa an yi? Jérôme Lavrilleux ne, mataimakin daraktan kamfen. A 2021 kotu ta yanke wa Sarkozy shekara ɗaya, amma ba shi kaɗai ba, har da ma'aikatan kamfe da na jam'iyya da na kamfanin da ya shirya tarukan.

Abin da nake so matasanmu masu shiga wannan aiki su riƙe: mai gabatar da ƙara takarda yake bi. Umarnin da oga ya ba ka da baki a cikin mota ba ya cikin fayil, sa hannunka yana ciki. A kamfen George Santos na neman kujerar majalisar wakilan Amurka, ma'ajiyarsa Nancy Marks ta amsa laifi a watan Oktoban 2023, ciki har da rubuta cewa ɗan takarar ya ranta wa kamfe dala 500,000 alhali bai ranta ba. Ta amsa nata laifin tun kafin majalisa ta kore shi a watan Disamba. Duncan Hunter kuma, shi ma ɗan majalisar Amurka a lokacin, da aka tuhume shi a 2018 da kashe fiye da dala 250,000 na kamfe a hidimar gidansa, fitowa ya yi a talabijin ya ce matarsa ce ke riƙe da harkar kuɗin. Matarsa ta aure fa. In haka ta faru da ita, kai da aka ɗauka aiki wata shida da suka wuce fa?

Alhaji Tanko:
Ina jinku, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ina tsoron kada mu koya wa yara cewa da an ji ƙugin hadari sai a tattara a gudu. Amana tana da daraja a siyasa, kuma ba kowace girgiza ce mutuwa ba. A watan Yulin 2007 kamfen John McCain na neman tikitin takarar shugaban Amurka a jam'iyyar Republican ya kusa tsayawa, kuɗi sun ƙare, manajansa Terry Nelson da babban mai tsara masa dabara John Weaver suka tafi rana ɗaya, 'yan jarida suka yi masa jana'iza. Waɗanda suka tsaya suka rage kashe kuɗi, suka tattara ƙarfinsu a jihar New Hampshire, ya ci can, ya ɗauki tikitin jam'iyya a 2008. Newt Gingrich ma, da ya nemi irin wannan tikitin a zaɓen da ya biyo baya, manyan ma'aikatansa sun watse gaba ɗaya a watan Yunin 2011 bayan ya tafi hutu a jirgin ruwa a Girka, amma ya zo ya ci zaɓen fid da gwani na jihar South Carolina a Janairun 2012. Da kowa ya bi shawarar gudu, da ba a ga haka ba. Galibin masu murabus da sunan tsare mutunci, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ne, sun riga sun yi waya da ɗaya ɓangaren.

Hajiya Rabi:
Alhaji, gaskiyarka a kan McCain. Amma ka ƙarasa labarin Gingrich: ya fita a watan Mayun 2012 da bashin fiye da dala miliyan huɗu, kuma cikin masu bin bashin akwai ƙananan 'yan kwangila da suka yi aiki bisa yarda. Su ma amana suka riƙe.

Malam Nasiru:
Alhaji, ina ganin akwai bambanci tsakanin matsalar McCain da wadda nake nufi. Shi talauci ne ya kama kamfensa. Wanda ya tsaya masa albashi kawai zai rasa. Amma akwai tsayawar da ake neman ka ba da sunanka, ka yi ƙarya, ko ka karɓi kuɗi ta bayan gida. Barista, don Allah ki warware mana batun John Edwards, domin a ciki aka haɗa biyayya da kwaɗayi da abin kunya a jikin mutum ɗaya.

Barista Hadiza:
To Malam. Edwards tsohon sanata ne daga North Carolina, ya yi wa John Kerry mataimaki a takarar 2004, ya sake fitowa neman tikitin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat a 2008, matarsa Elizabeth tana fama da ciwon daji. Ya yi lalata da wata mata da aka ɗauka aikin yi masa bidiyo, ta samu ciki. Jaridar National Enquirer ta fara buga zancen a ƙarshen 2007. A watan Disamba, ana gab da zaɓen fid da gwani na Iowa, sai wani na hannun damansa mai suna Andrew Young, magidanci mai mata da 'ya'ya uku, ya fitar da sanarwa cewa cikin nasa ne. Shi da iyalinsa suka ɗauki matar suka yi ta yawo da ita daga wannan jiha zuwa waccan don ɓoye ta daga 'yan jarida.

Yanzu ku dubi hanyar kuɗin. Doka a lokacin ta ce mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 2,300 a zaɓe ɗaya ba. Wata tsohuwar attajira, Rachel Mellon, ta bayar da kimanin dala 725,000, ba ta asusun kamfe ba. Tana rubuta caki da sunan wani abokinta mai sana'ar adon gida, a rubuta a jiki cewa kuɗin kujeru ne ko tebur, shi kuma ya tura wa iyalin Young, matar Young ta sa hannu ta zuba a asusunsu. Shugaban tara kuɗin kamfen, Fred Baron, ya biya kuɗin jirage da otal. Edwards ya janye ranar 30 ga Janairun 2008, ya amsa lalatar a watan Agusta, bai amsa cewa 'yar tasa ce ba sai Janairun 2010.

A shari'ar 2012 Young ne babban shaidar gwamnati, an ba shi kariya daga tuhuma. A gaban kotu lauyoyin Edwards suka sa ya amsa cewa kaso mai yawa na kuɗin ya tafi ne a ginin gidan shi Young ɗin. Masu taimaka wa alƙali suka wanke Edwards a tuhuma ɗaya, suka kasa cimma matsaya a biyar, gwamnati ta janye ƙarar. Wato mutumin da ya ba da mutuncinsa don oga, shi ne ya ci kuɗin rufin asirin, kuma shi ne ya tona. Kuɗin da ba shi da rasit ba ya zama a hannun kowa lafiya, komai biyayyarsa.

Malam Auwal:
Kuma abin da ya sa hakan ke maimaituwa a fili yake. Kuɗin rufa-rufa dole ya bi hanyar da ba a rubutawa, don haka ba mai iya tambayar inda ya shiga. Oga ba zai iya kai ƙara ba, don kai ƙara tona kai ne. Mai riƙe da kuɗin ya san haka. Daga ranar ya zama yana riƙe da wuyan oga, oga yana riƙe da nasa.

Alhaji Tanko:
Wannan na yarda, ba amana ba ce, haɗa baki ne. To amma ku faɗa mini, a ina mutum zai ja layi? Don a cikin zafin kamfe ba a zuwa a ce maka zo ka yi laifi. Cewa ake yi taimaka mana da wannan zuwa gobe.

Barista Hadiza:
Alhaji, layin yana wurare huɗu, kuma duk ana iya ganinsu da ido. In aka ce a zuba kuɗi a asusunka na kanka ko na iyalinka. In aka ce ka sa hannu a takardar da ke kiran abu da sunan da ba nasa ba, ko mai ɗauke da kwanan watan baya. In aka ce ka faɗa wa 'yan jarida ko hukuma abin da ka san ba haka yake ba. In aka ce ka goge saƙonni bayan an ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike. Wannan na ƙarshe a dokokin ƙasashe da yawa laifi ne mai zaman kansa, ko da ainihin zargin bai tabbata ba.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ce a turo maka umarnin a rubuce. Umarni mai tsabta minti biyu zai iso. Wanda ba shi da tsabta ba zai taɓa isowa ba, ka samu amsarka ke nan. Sannan kowa ya sani lauyan kamfe lauyan kamfe ne, ba naka ba. Ranar da maslaharka ta saɓa da ta ɗan takara, ɗan takara zai kare. Hugh Sloan, ma'ajin kwamitin sake zaɓen Richard Nixon, ya ajiye aiki a watan Yulin 1972, makonni kaɗan bayan fasa ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat a ginin Watergate, ya faɗi gaskiya ga masu bincike, ba a ɗaure shi ba. John Mitchell da ya shugabanci kwamitin da mataimakinsa Jeb Magruder duk sun shiga kurkuku.

Malama Zainab:
Ina so in shigo ta ɓangaren hulɗa da 'yan jarida, don a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, kuma cikin kwana biyun farko ake yinsa. Da labari ya fito, abu na farko shi ne mutum biyu, lauya da wani babba da ba ya tsoron ɗan takara, su rufe ƙofa da shi su tambaye shi komai: me ya faru, yaushe, wa ya sani, akwai hoto ko saƙo ko caki, kuma akwai wani abin da bai fito ba tukuna. Kafin a gama wannan zama kada kakaki ya ƙaryata komai. Jarida ba ta cika zuba duk abin da take da shi a bugu na farko ba. Tana jira ka musa, sannan ta saki na biyu. Gary Hart, wanda ke kan gaba a neman tikitin shugaban ƙasa na Democrat, jaridar Miami Herald ta buga labarin zargin alaƙarsa da wata mata ranar 3 ga Mayun 1987, ya musa, tambayoyi suka ƙaru, ranar 8 ga wata ya janye. Kwana biyar.

Kuskure na biyu shi ne yin alƙawarin da zai zama igiya a wuya. François Fillon ya ci zaɓen fid da gwani a Nuwamban 2016, ana ganin shi ne shugaban Faransa mai jiran gado. Ranar 25 ga Janairun 2017 jaridar Le Canard enchaîné ta ce an biya matarsa albashin mataimakiyar ɗan majalisa shekaru da dama ba tare da shaidar aiki ba. Washegari ya fito talabijin ya ce in aka tuhume shi a hukumance zai janye. Ranar 1 ga Maris ya sanar cewa alƙalai sun kira shi, kuma ba zai janye ba. A ranar Bruno Le Maire, ɗaya daga jiga-jigan kamfen, ya fice. Kwana biyu bayan haka kakakinsa Thierry Solère da daraktan kamfensa Patrick Stefanini suka bi. Ana cikin haka sai ga labarin kwat-kwat masu tsada da wani aboki ya saya masa. Ya zo na uku da kashi 20 cikin 100, kotu ta same shi da laifi a 2020.

Alhaji, ka lura da yadda Stefanini ya tafi. Ya rubuta takarda, ya faɗi dalilinsa, ya tsaya har aka kammala gangamin dandalin Trocadéro a Paris na ranar 5 ga Maris sannan ya miƙa aiki. A ganina wannan ya fi amana fiye da wanda ya zauna yana murmushi a taro, da dare yana tura wa 'yan jarida bayanan cikin gida. Kuma irin waɗannan su suka fi yawa idan kamfe ya fara tangal-tangal, kowa yana share wa kansa hanya, yana so a rubuta cewa shi ya ba da shawara aka ƙi ji.

Alhaji Tanko:
Malama, wannan na karɓa hannu biyu. Fita ta ƙofar gaba da rana tsaka daban, haƙa rami daga ciki daban. Sai dai har yanzu ina cewa jam'iyyar Fillon ta fi shi laifi. Sun ga abin tun Janairu, suka yi ta jan ƙafa har ranar rufe karɓar sa hannun masu goyon baya 500 da doka ke buƙata kafin mutum ya tsaya takara ta ƙarato a tsakiyar Maris, ba su tsayar da madadi ba.

Hajiya Rabi:
Saura abin da ba a son magana a kai, wato yadda ake rufe kamfe in ta tabbata ba ci gaba. Ranar da aka yanke shawara, kafin a sanar, a tsayar da duk wani fitar kuɗi. A karɓe katunan banki da littafin caki, a mayar da sa hannu na mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ba ɗan uwan ɗan takara ba kuma ba wanda ke bin kamfe bashi ba. A soke tallan da aka yi odarsa ba a saka ba tukuna, a nemi a dawo da kuɗin. Wannan kaɗai yakan ceto abu mai yawa. A rubuta wa duk ɗan kwangila ya kawo takardarsa cikin mako biyu, don a san girman bashin na gaskiya. Wajen biya a fara da albashin ƙananan ma'aikata da harajin da aka cire daga albashinsu, sai ƙananan 'yan kwangila, sai manyan masu ba da shawara. Rancen da ɗan takara ya ba kamfensa ya zo ƙarshe. A aikace juya wannan jerin ake yi, na kusa da caki shi ke fara biyan kansa a daren ƙarshe.

Kuma kada a ci bashi bisa tsammanin kuɗin da gwamnati za ta mayar. A Faransa sai ka samu kashi 5 cikin 100 a zagayen farko ake mayar maka da abin da zai iya kai kimanin yuro miliyan 8. Ƙasa da haka, kimanin 800,000 ne. 'Yar takarar shugaban ƙasa Valérie Pécresse ta samu kashi 4.78 a Afrilun 2022, washegari ta fito tana neman taimakon jama'a, ta ce bashin yuro miliyan 5 yana kanta ita kanta.

Malam Auwal:
Hajiya ki ƙara da kayan da ba a gani. Jerin sunaye da lambobin magoya baya da na masu ba da gudummawa shi ne abu mafi tsada da kamfe ke bari, kuma shi ake fara sacewa, don a ɗan ƙaramin filashi yake fita. Haka shafukan Facebook da X da adireshin intanet na kamfen. Sau da yawa da imel ɗin wani yaro ɗan sa-kai aka buɗe su, in ya yi fushi ya tafi da su. A ranar rufewa a canza kalmomin sirri, a rage masu iko da shafi zuwa biyu, a ƙirga kwamfutoci da wayoyi da motoci a gwada da rasit ɗin sayensu.

Malam Nasiru:
Barista, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Takardun fa? Mutane da yawa suna ganin in kamfe ya mutu an huta, a ƙone komai.

Barista Hadiza:
A'a Malam, kada a taɓa ko ɗaya. Kwamitin kamfe ba ya mutuwa ranar da ɗan takara ya janye. A Amurka, misali, yana ci gaba da miƙa rahoto ga FEC, hukumar da ke sa ido a kuɗin kamfe, har sai an warware bashi an amince a rufe shi, kuma ana buƙatar ma'aji ya adana takardu shekara uku daga ranar miƙa rahoton da suka shafa. Ku duba tazarar da ke cikin misalan da muka kawo: Edwards ya janye a 2008, aka tuhume shi a 2011, zaɓen Sarkozy 2012, hukunci 2021. Duk wanda ya taɓa sa hannu a kuɗi ya ajiye kwafin abin da ya sa wa hannu, da takardar miƙa aiki mai kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. In ma'aji ne kuma zai sauka, ya tabbatar an sanar da hukumar zaɓe a rubuce an cire sunansa, don muddin sunan yana can, duk rahoton da aka miƙa ko aka ƙi miƙawa shi za a nema.